Loto, Inda Ba a Ganin Sama

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Isufu Mai Rijiya, zuwa ga ɗana Habu, a duk inda takardar nan ta riske ka, ko tashar Agadas ko gaba da nan. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, hanya ba ta ba ka wuya ba. Mu nan Dogarawa lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Innarka tana gaishe ka, Gwaggonka Hajo tana gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Ka san hannuna bai saba da alƙalami ba, dagi ya sani. Shi ya sa na zaunar da taubashinka Illiya yana rubuta abin da nake faɗi. Yaron kirki ne, mai natsuwa, ba a taɓa kawo ƙararsa gidan nan ba. In ka ga ajamin ya karkace, laifin tawada ne.

Ba labarin gari zan ba ka ba. Ka tafi ba mu yi sallama ba. Ranar da ka ce za ka arewa haƙar zinariya, na ce maka ba da yawuna ba. Kai kuma ka dube ni a gaban innarka ka ce, "Baba, tsoro ne ya sa ka aje dagi, kada ka gadar mini da shi." Ban amsa ba. Washegari ka bi mota. To ga amsar nan ta biyo ka, ko da ta makara.

Bari in fara da sunan wurin da za ka shiga, don mutum ba ya kiyaye abin da bai san sunansa ba. Samarin da suka dawo daga can suna cewa galeri. Alhazai kuma suna ba da labarin tunel, hanyar da aka huda cikin dutse a ƙasa mai tsarki, mai fitilu, mutum ya shiga nan ya fita can yana tsaye da ƙafarsa. Waɗannan sunayen baƙi ne, suna da daɗin faɗi a majalisa. Mu mahaƙa muna da namu. Rami shi ne ubansu duka. In ya miƙe ƙasa sak har ya tarar da ruwa, rijiya ke nan. In Allah ne ya yi shi da kansa a jikin dutse ko icce, kogo ne. Amma in ka sauka ƙasa, sannan ka juya ka fara huda gefe kana rarrafe, ƙasa bisa kanka, ƙasa ƙarƙashin cikinka, wannan sunansa loto. Su kira shi da nasaranci yadda suka ga dama, loto za ka shiga. A rijiya, komai zurfinta, in ka ɗaga kai za ka ga sama kamar faifai, ka ga kan wanda ke riƙe da igiyarka. A loto babu sama. Kuma ƙofarsa ɗaya ce. Ko kurege, da haƙa ce sana'ar kakanninsa, ba ya yarda ya kwana a rami mai ƙofa ɗaya.

Kuskurena na farko a wajen zaɓen mai igiya na yi shi. Ina saurayi a lokacin, ina bin maigidana Malam Ɗanjimma, tsohon mahaƙin Bazaga. Ya bar mini wata rijiya in ƙarasa, ya ce in nemi wanda zai tsaya mini a baki. Na ɗauko abokina Na'Allah, don hirarsa da daɗi. Ina ƙasa ina sara, sai aka buga gangar kokawa a bayan gari. Na'Allah ya ja igiya sama, wai kada yara su yi wasa da ita, ya rataye ta a gwafa, ya ce bari ya leƙa ya dawo. Daga azahar har rana ta yi ja ina ƙasa ina kira. Wadda ta fara jin muryata wata Bafillata ce mai tallan nono. Ta ji ƙasa tana kiran Na'Allah, ta yar da ƙwarya, ba ta tsaya ba sai rugarsu. An yi shekaru ana yi mini dariya da wannan. Ni ma na yi. Amma da bango ya zabtare a ranar, babu wanda zai sani sai an ji wari.

Don haka kada ka zaɓi mai igiya don hira. Ka dubi yadda mutum yake ɗaure jakinsa, ko yadda yake rufe bidon ɗin ruwa bayan ya sha. Wanda ke barin murfi a buɗe zai bar ka a rami. Ku shirya alamar jan igiya tun kuna sama. In kun yi cacar baki da safe, kada ka sauka sai kun shirya, ko da kai ne mai gaskiya. Ka ba shi haƙuri, ka ba shi tsokar da ke cikin miya. Mai gaskiya a ƙarƙashin ƙasa bai fi ƙarfin mai fushi a sama ba.

Na biyu, na raina fitila. An kira mu yasar wata tsohuwar rijiya wajen Malbaza, inda ƙasa ke da farin dutse, rijiyar ta daɗe a rufe. Al'adarmu, kafin mutum ya sauka, sai a zura fitilar aci-balbal da igiya. In wutar ta isa ƙasa da ranta, iska mai kyau ce. In ta mutu, sai a yi ta zura reshe mai ganye ana ja ana saki har iskar ta sake. Ranar muka zura, wutar ta ƙanƙance, ta mutu. Na ce mai ne ya ƙare. Na san ba mai ba ne, ni na zuba shi da hannuna. Gaggawa nake yi in gama in tafi kasuwa. Na sauka. Ban ji wari ba, ban ji zafi ba. Wani barci na ji mai daɗi, irin na bayan tuwon sallah, na ce bari in jingina kaɗan. Da na buɗe ido ina kwance a sama, ana kwara mini ruwa, wata tsohuwa har ta fara salati.

Wanda ya fito da ni Mamman ne, mijin ƙanwata Hajo, mahaifin Illiya. Ba ka san shi ba, kana goye a lokacin. Tare muke aiki. Ya cika ƙirjinsa da iska, ya sauka, ya ɗaura mini igiya a ƙugu bai yi numfashi ba, ya girgiza aka ja mu. Da na farfaɗo abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya Isufu, kasuwar ta watse." Ka riƙe sunansa, zan dawo kansa.

Ku yanzu tocila kuke ɗaurawa a goshi. Tocila maƙaryaciya ce. Ko iskar ta kashe kowa, ita tana nan tana haske kamar ba a yi komai ba. Ka nemi ashana ko kyandir ka ajiye a aljihu. In wuta ta ƙi zama a wuri, kai ma kada ka zauna. In an ta da injin jan ruwa kusa da bakin rami, ka fito sai an kashe, hayaƙinsa ƙasa yake gangarawa. In kuma barci mai daɗi ya zo maka a ciki, ba barci ba ne, ja igiya.

Na uku shi ne wanda ban taɓa faɗa maka ba.

Wani ƙauye ne gabas da Illela. Matansu sun gaji da bin jakuna nesa neman ruwa, garin ya haɗa kai aka kira ni da Mamman. Kullum ana kawo mana tuwo da fura, yara na kewaye da bakin rami suna leƙe. Muka wuce yashi, muka wuce jan ƙasa, muka fasa marmara, muka yi ta sauka har igiya ta ƙare muka ƙulla wata. Ƙasa busasshiya kamar toka. Maigari ya fara zuwa da kansa. Sai ya leƙa, ya ce sannunku da aiki, ya juya. Wannan sannu ta fi mini zagi zafi.

Wata safiya na dafa bangon gabas na ji sanyi. Na kankaro ƙasa na murza, ta dunƙule a hannuna. Na gane ruwan yana gefe, kusa da shi muka bi muka wuce. Abin da ya kamata na san shi sarai, a fito, a matsa gabas, a buɗe sabon baki, a fara daga sama. Amma wannan aikin wani rani ne guda, kuma sai na tsaya gaban maigari na ce na kuskure wuri. Wannan ne na kasa.

Na fito na ce, "Mamman, mu huda gefe. Kamu kaɗan ne mu same shi."

Ya ce, "Yaya Isufu, mi Malam Ɗanjimma ya ce muna? Mahaƙi ba shi zuwa inda ba shi ganin sama."

Na ce, "Malam Ɗanjimma ya tsufa."

Ya ce, "Ƙasar ga ba ta tsufa ba. Yashi ne bisa, laka ce ƙasa. In ka cire mata ƙafa, zama za ta yi."

Akwai mutane a wurin, har da matan da suka kawo fura. Na juya wajensu na ɗaga murya na ce, "Ku ji mini, jama'a. Ashe matsoraci na ba ƙanwata." Aka yi dariya. Mamman ma ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai.

Ni na fara shiga. Na yi ta huda har loton ya haɗiye ni duka, ƙafafuna kaɗai ke cikin rijiya. Ƙasar tana ƙara sanyi, raina yana ƙara daɗi. Sai na ji wani abu yana zubo mini a wuya, siriri, kamar ana barbaɗa gishiri. Yashi ne ke tsiyayowa daga sama. Duk mahaƙin da ya san aikinsa ya san ma'anar wannan, ƙasa ce take sallama kafin ta shigo. Na kakkaɓe wuyana na ci gaba. Da azahar ta yi na fito, lokacin Mamman ya zo. Yana ɗaura igiya ya dube ni ya ce, "Lahiya ciki?"

Na ce, "Lahiya lau."

Da na ce masa yashi na zuba, da ya tabbata shi ne mai gaskiya a gaban mutanen da suka yi masa dariya. Wannan kaɗai ya rufe mini baki, Habu. Ba wani abu ba.

Ni ke riƙe da igiyarsa. Ba a ji wata babbar ƙara ba. Kamar an sauke buhun gero daga kan amalanke, shi ke nan. Igiyar ta fizge hannuna, sannan ta yi nauyi, ƙura ta taso daga bakin rijiyar a hankali. Na ja, ba ta zo ba. Mazan garin suka kama muka ja tare, ta tsinke. Na sauka ina tono da hannu, bango yana ta zubowa, sai da ƙarfi aka fitar da ni. Muka sake gwadawa, muka sake, duk wanda ya sauka sai ƙasa ta kore shi. Daga ƙarshe dattawa da liman suka ce kada a ƙara rai a kan rai. Aka yi masa salla a bakin rijiyar, aka cike ta. Liman ya kama hannuna ya ce a littafi akwai kabarin da ake huda gefensa wajen alƙibla, ana ce masa lahadu. Ya ce Mamman ya kwanta yana fuskantar gabas, in kwantar da hankalina. Bai san wanda ya fara haƙa masa lahadun ba.

Na dawo gida da guntun igiya. Hajo tana da cikin Illiya. Na ce mata ƙasa ta rufta, kwana ya ƙare. Gaskiya ce, amma ba duka ba. Na jingine dagi bayan rumbu, na koma gona. Ka ce tsoro ne ya sa na aje shi. Ba ka yi ƙarya ba. Sai dai tsoron ya zo mini a makare. Da ya zo da safiyar ranar, da Illiya ya san fuskar ubansa.

To ga abin da nake so ka ɗauka. In wani a cikinku ya ce gabansa na faɗuwa da rami, ku fito tare, kada ka tambaye shi dalili. Kada bakinka ya taɓa kiran mutum matsoraci a bakin rami, ko da wasa, don kalmar nan tana tura namiji inda igiya ba ta iya jawo shi. In kai aka kira da ita, ka karɓa, ka ce na ji, ka hau sama ka sha ruwa. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni na kai kunya daji, ka ga abin da ta saya mini. In yashi ya taɓa wuyanka, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, ko da a ranar ne aka ga zinariya tana ƙyalli. Na ji an ce a loton can ana barin ginshiƙan ƙasa su tokare sama, kuma in arziki ya yi ƙaranci sai a koma ana sassaƙar ginshiƙan, don su ma akwai zinariya a jikinsu. Ranar da ka ga an ɗora diga a kan ginshiƙi, ka tattara kayanka, ramin ya ƙare. Wanda zai karɓe ka in ya tambaye ka lafiya ciki, ka gaya masa abin da ka gani duka, har wanda zai sa a yi maka dariya.

Kada ka bar salla don kana ƙasa ba ka ga rana ba, ka sa mai igiya ya riƙa sanar da kai lokaci. Kada ka sha ƙwayar da ake ba samari wai don su daɗe suna sara, tana kashe gajiya, tana kashe tsoro, kai kuwa kana bukatar su biyun. Babur ɗinka kuma da ka kulle a zaure, ka aiko a ba Illiya makullin, kada zama ya lalata shi.

Kuskurena na ƙarshe shi ne shirun da na yi maka. Na hana ka ban gaya maka dalili ba, na bar ka kana ganin taurin kai ne na tsufa. Sannan na ce ba da yawuna ba, na bar ka ka kama hanyar rami da wannan magana a bayanka. Na janye ta. Ka tafi da yawuna. Allah ya yi maka albarka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya haɗa ka da mai igiya na gari. Allah ya shigar da kai lafiya ya fitar da kai lafiya, ya nuna maka sama kowace rana, ya maido mana da kai da ƙafafunka. Amin.

Habu, dakata, kada ka naɗe takardar.

Illiya ne. Kawu bai zaunar da ni ba. Bai faɗi ko kalma ɗaya a cikin wannan ba, bai ma san ina rubutawa ba. Yana can gindin dogon yaro, ni ina nan bayan rumbu kusa da dagin. Na san ka fara zargi tun wurin yaron kirki. In ba ka gane a can ba, ai ka gane a wurin babur.

Na saba yi maka, ban musa ba. Ni na sa maka kwaɗo a buta. Ni na tura ka Konni ranar kasuwa na ce wata tana jiranka a tasha, ka sha turare ka yini a rana. Wannan ba irinsu ba ce. Ban ƙara komai a labaran nan ba, sai Bafillatar, ita ma gudu kawai na ƙara mata. Na farko da na biyu kowa ya san su. Na ukun, ranar da na sauke Alƙur'ani Kawu ya ɗauke ni a mota har bayan Illela, muka taka da ƙafa zuwa wani tudu da aka kewaye da ƙaya, aduwa ta fito a kansa. Ya ce ga ubanka. Yana tsaye cikin rana ya faɗa mini duka, har yashin, har lahiya lau ɗin. Ya ce in yafe masa. Na yafe, mutumin da ya ci da ni ya tufatar da ni bai taɓa bambanta ni da kai ba. Ya ce kada Habu ya ji. Na riƙe har ranar da na ji ka kira shi da kalmar da ya kira ubana. Ina bayan darni, na ga fuskarsa. Ubana ne a ramin nan, ina da ikon in ba wanda na so labarinsa.

Abin da ba ni da iko da shi ita ce albarkar da na sa maka a saman takardar nan. Ta aro ce. Ni na ƙaga ta, ba ta tsare ka da komai sai ta fito daga bakinsa. Har yanzu bai janye maganarsa ba, sunanka ma ba ya kamawa.

Amma ga abin da na gani. Tun ranar da ka tafi yake zaune yana tufkar igiyar rama, mai kauri, kullum tana ƙara tsawo. Na ce, "Kawu, wace akuya ce wagga mai nisan kiwo?" Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ɗan nema." Jiya ya gama. Yau da safe na tarar da ita a naɗe cikin zaure, kan takalmana, alhali ya san ni ke zuwa tasha kai saƙon Innarka. Wataƙila mantuwa ya yi. Sai dai tun da nake ban taɓa ganin Kawu ya manta da igiya ba. Ga ta nan cikin buhu tare da takardar, zan ba direban da ya ɗauke ka.

Kafin ka sa ƙafa a rami, ka kira salular Innarka. Bayan la'asar Kawu yana gida. Ka ce a ba shi, ka ce masa igiya ta iso. Sauran ka bar masa. In ya tambayi wanda ya aiko, faɗi gaskiya, bayana ya saba da sandarsa.

Ban san fuskar ubana ba, Habu. Taka na sani, duk da muninta. Ka dawo mini da ita.

Allah ya tsare. Ni ne taubashinka, Illiya ɗan Mamman, wanda ya ari bakin Kawu ba da izini ba.